Sakace kunne da tsinke: tambayar wani tela daga Maradi da amsar likitan kunne

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a nan Maradi, shekaruna sun haura 40. Tun ina saurayi na saba da sakace kunne, da tsinken ashana, da gashin kaza, wani lokaci har ɗan makullin babur, in kuma na samu tsinken auduga na faramasi, to shi. Ba na iya wuni ban yi ba, musamman bayan wanka da kuma in ina zaune a fada muna hira da abokai da dare. Yanzu kunnena na hagu ƙaiƙayi ya hana ni sakat, ya toshe, ina jin magana kamar daga nesa, kuma tun da damina ta faɗi wani ɗan ruwa mai wari yake fitowa. Na ɗiga man zaitun, na ɗiga wani magani da na saya hannun mai talla, sai ya lafa ya dawo. Maiɗakina ita ma duk bayan wanka sai ta share wa ɗiyanmu kunne da tsinken auduga. Shin wannan ɗabi'a ce ta jawo mini? In kuma an daina, da me za a fitar da dattin, ga ƙurar garin nan?

Amsa

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Amsar tambayarka ta farko ita ce e. Toshewar, da ƙaiƙayin, da ruwan nan mai wari, duka abubuwa ne da muka saba gani a kunnen wanda ya daɗe yana sakacewa, kuma yawanci tare suke tafiya, ɗaya na jan ɗaya. Sai an leƙa da fitilar duba kunne za a ga inda abin ya kai, amma kada hankalinka ya tashi. Irin wannan yana warkewa sarai idan aka share kunnen yadda ya kamata, mai shi kuma ya janye hannunsa. Janye hannun nan shi ne mai wuya, a kansa zan fi tsayawa.

Bari ka fara sanin abin da ke gaban tsinkenka. Ramin kunnen babban mutum tsawonsa wajen santimita 2 da rabi ne kacal, wato tsinken ashana ya fi shi tsawo. Ba miƙaƙƙe ba ne kuma, yana da ɗan lanƙwasa. Kashi ɗaya cikin uku na bakin ramin guringuntsi ne, da fata mai ɗan kauri da gashi. Sauran kashi biyun na ciki ƙashi ne, an lulluɓe shi da wata siririyar fata, babu tsoka babu kitse a ƙarƙashinta, shi ya sa in tsinke ya kai can mutum yake jin zafin har tsakiyar kai. A ƙarshen ramin dodon kunne yake, faɗinsa kusan santimita 1, kaurinsa kuwa kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita. Bayansa akwai ƴan ƙasusuwa uku a sarƙe da juna. Na farkon yana manne da dodon, na ƙarshen kuma, wanda babu ƙashin da ya kai shi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, kamar milimita 3 ne, yana jingine da ƙofar kunnen ciki, inda jijiyar ji take tare da abin da ke riƙe mutum ya tsaya kan ƙafafunsa ba tare da jiri ba. Duk wannan kaya yana nan tazarar da ba ta kai gaɓa biyu ta yatsa ba daga bakin kunnenka, kai kuma kana tura ƙarfe ciki ba ka ganin inda ya nufa.

Abin da kake kira datti kuwa ba daga waje ya shigo ba, jiki ne yake yin sa. Wasu ƙananan kafofi a fatar bakin ramin ne suke tsatso maiƙo, ya gauraya da matacciyar fata, shi ne dauɗar kunne. Aikinta uku ne a dunƙule: tana shafe fatar kada ta bushe ta tsage, tana da ɗan tsami da ke hana ƙwayoyin cuta da funfuna yaɗuwa, kuma tana da danƙo da ke cafke ƙura da ƙananan ƙwari tun a bakin ƙofa. To ka ga ƙurar Maradi da ka kawo a matsayin hujja, ni a wurina hujjar barin dauɗar ce. Mutumin da ke shan bujin hunturu, ko ɗan kabu-kabu da ke yini kan hanyar Tibiri, ko kai da ke zaune cikin burbushin yadi da zare, ku kuka fi kowa bukatar ta.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Fatar cikin ramin kunne tafiya take yi. Daga tsakiyar dodon kunne take fara motsi, tana rarrafowa waje a hankali, gwargwadon saurin da farce ke girma, tana ɗauke da dauɗa da duk abin da ta cafke. Tauna da magana da hamma suna motsa bakin ramin, suna taimaka mata. In ta iso waje sai ta bushe ta zube, ko ruwan wanka ya tafi da ita, ba ka ma sani ba. Wato kunne da kansa yake share kansa, daga ciki zuwa waje, dare da rana. Tsinke kuwa daga waje zuwa ciki yake tafiya.

Ka taɓa ganin maharbi yana ɗura bindigarsa, ya zuba albarushi, ya sa ƙyalle, ya bi da sandar ƙarfe yana dannawa har ya zauna daram? Haka tsinken auduga yake yi wa dauɗa. Ɗan abin da ka gani ya shafu a kan audugar, ka duba ka ji daɗi, bai kai komai ba a kan wanda ka tura ciki. Tun da a bakin rami kaɗai ake yin dauɗa, duk wadda muka tarar a can ƙurya jikin dodon kunne, hannu ne ya kai ta. A can babu maiƙon da zai tausasa ta, sai ta daskare ta yi baƙi ta yi tauri, tafiyar fata ta kasa ɗaga ta. Ran da ruwan wanka ya shiga ta jiƙa ta kumbura, sai kunne ya toshe ɗif. Daga nan jin magana daga nesa, da jin muryarka tana amsawa a cikin kanka, wani ma har da ƙara mai shuuu da ɗan jiri. Mai shi kuma me zai yi? Ya ƙara ɗauko tsinke.

Yanzu ƙaiƙayin, wanda shi ne turken da ya ɗaure ka. Ba zan ce maka sakace kunne ba daɗi ba, ƙarya ke nan. Ramin kunne cike yake da jijiyoyi, cikinsu har da reshen wata babbar jijiya da ke gangarawa maƙogwaro da ƙirji da ciki, shi ya sa wasu in sun sa tsinke sai tari ya taso musu, wasu kuma ka ga sun lumshe ido sun manta da wanda ke gabansu. Matsalar ita ce duk sakacewa ɗaya tana kankare maiƙon da ke kare fatar, ta bar ƙananan ƙujewa da ido ba ya gani. Fatar da aka kankare tana bushewa, busasshiyar fata tana ƙaiƙayi, haka ma ƙujewa in ta fara warkewa. Sai ka sosa, ka samu sauƙin minti biyar, ka kuma buɗe wani sabon rauni. Shekara 20 kana tsammanin ƙaiƙayi ne yake sa ka sakacewa, alhali sakacewar ce take haifar da ƙaiƙayin gobe. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ko da yake a nan ba wauta ba ce, na ga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ke fama da shi.

In na leƙa kunnen irin ku da fitila, tun kafin mutum ya buɗe baki nake gane shi. Bakin ramin fes, babu dauɗa ko ɗigo, gashin wurin ya karye, fatar ta yi ja tana sheƙi, ga wasu siraran layuka na busasshen jini a ƙasan ramin inda kan tsinke yake bi. Can ciki kuma ga dunƙulen baƙar dauɗa, a tsakiyarsa da ɗan lotsawa daidai girman kan tsinken auduga, wani lokaci har da zaren audugar a maƙale. In damina ce, sau da yawa sai ka tarar da wani farin abu jiƙaƙƙe ya lulluɓe bangon ramin, da ɗigo-ɗigon baƙi a kansa. Wannan funfuna ce, irin wadda ke fitowa a abinci in ya kwana biyu a wuri mai laima, ta samu ɗumi da duhu da danshi da fatar da aka yi wa rauni, ta yi gida. Alamunta su ne ƙaiƙayi mai tsanani, da toshewa, da ɗan ruwa. Yadda ka ce naka ya tsananta da faɗuwar damina, ita na fi zargi, ko ita tare da ƙwayoyin cuta. In ƙwayoyin cuta ne suka fi yawa, zafi ne yake rinjaye, ramin ya kumbura, in an ja fatar kunnen ko an danna ɗan tudun nan na gaban rami mutum ya yi tsalle, wani ko tauna ba ya iya yi.

Maganin mai talla da ya lafa maka ya dawo, ga dalili. Yawancin magungunan ɗigawa da ke yawo a kasuwa haɗi ne na mai kashe ƙwayoyin cuta da mai kwantar da kumburi. Mai kwantar da kumburin yana kashe ƙaiƙayi na kwana biyu, ka ce an dace. Amma babu ɗayansu da ke taɓa funfuna, hasali ma share mata fili suke yi. Kuma kowane irin magani ne, in an ɗiga shi a kan tarin dauɗa da mugunya, a kansu yake tsayawa, ba ya isa ga fata.

Cikin kayan da ka lissafa, gashin kaza na fi jin tsoro ta fuskar ƙazanta. Laushinsa ne yake ruɗin mutane. Kazar nan a bola take kiwo, a turɓaya take birgima, gashin yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙurar kashinta, kuma ƴan silin gashin suna karyewa su zauna a ciki. Makulli da kan bik da fil da allurar ɗinki, su kuma yanka suke yi. Tsinken ashana da na tsintsiya suna tsagewa su bar sartse. Tsinken auduga, da ake ganin shi ne na ƴan boko, wani mutum mai suna Leo Gerstenzang ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1923, kuma manyan kamfanonin da ke yin sa da kansu suke rubutawa a jikin kwali cewa kada a tura shi cikin ramin kunne. Masu arhar nan kuwa da ake sayarwa a leda, kan audugar yakan cire ya zauna a ciki, sai an zo an zaro.

Sai babbar ɓarna, fashewar dodon kunne. Kusan kullum labarin iri ɗaya ne, kuma ba wai mutum ya tura da ƙarfi da gangan ba. Mace tana zaune bakin gado tana sakacewa, yaro ya rugo ya faɗa mata a gwiwar hannu. Magidanci ya bar tsinke a kunne ya juya zai ɗauki waya, ƙofa ta buge shi. Wani a fada abokinsa ya zo ta baya ya dafa shi da wasa. Sai zafi kamar an soka wuƙa, ɗan jini, ji ya ragu nan take, in ya fyace hanci ya ji iska tana fita ta kunne. Garin gyaran gira an rasa ido. Abin godiya shi ne mafi yawan irin wannan huda suna haɗewa da kansu cikin makonni, zuwa wata 3, da sharaɗin a bar kunnen a bushe, kada a ɗiga masa komai, kada a wanke shi. Abin da ke hana su haɗewa shi ne taimakon ƴan'uwa: wannan ya kawo man shanu, wancan ya kawo ruwan albasa, ƙwayoyin cuta su bi ta hudar su shiga, kunne ya koma mai zubar mugunya shekara da shekaru. Wanda nasa bai haɗe ba sai aikin tiyata, a yi masa faci. In kuwa tsinken ya zarce ya goce ƴan ƙasusuwan nan, ko ya tura na ƙarshen cikin kunnen ciki, to jiri ne mai kayar da mutum, da amai, kuma ana iya rasa jin wannan kunnen har abada. Wannan ba kullum yake faruwa ba, amma yana faruwa, kuma duk wanda ya ji jiri bayan tsinke ya soke shi, ranar zai tafi asibiti ba gobe ba.

Ka ce shekarunka sun haura 40, don haka ina so ka auna sukarin jininka in ka daɗe ba ka auna ba. Ga mai ciwon sukari, ko tsoho, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ƴar ƙujewar da wani zai warke cikin mako tana iya zama ciwon da ke cin ƙashin da ke kewaye da kunne. Alamarsa zafi mai hana barci da dare wanda ya ƙi jin magani, daga baya baki ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, don jijiyar da ke motsa fuska ta nan take wucewa. Jinyarsa makonni ce, da allurai. Akwai kuma tetanos, ciwon nan da ke ɗaure muƙamuƙi ya sandarar da jiki. An san yana shiga ta kunne mai zubar ruwa in ana cusa masa tsinke ko gashi ko garin magani mai ƙasa a ciki, musamman ga yaran da ba su cika rigakafi ba.

Tun da mun zo kan abin da ake zubawa, bari in faɗa a gurguje. Turare, da kananzir, da ruwan tafarnuwa, da ruwan ganye, da nonon uwa, da garin kafso da ake ɓarewa a zazzaga, babu ɗaya da ya dace da kunne. Wasu ƙona fata suke yi, wasu abinci ne ga ƙwayoyin cuta, garin kafso kuma dunƙulewa yake yi ya zama dutse. Hatta maganin faramasi na gaskiya, akwai masu ɗauke da jantamisin ko niyomisin, waɗanda in dodon kunne a fashe yake za su iya ratsawa su lalata jijiyar ji. Shi ya sa ba ma rubuta maganin ɗigawa sai mun ga dodon da idonmu. Man zaitun yana da wurinsa, zan zo kansa, amma ba a kunne mai fitar da ruwa ba. Ka dakatar da shi.

Saƙona ga maiɗakinka, a gaishe ta da ƙoƙari, don tsabta ce ta sa ta. Amma ta bari. Ramin kunnen yaro ya fi na babba gajarta da ƙunci, yaro kuma ba ya zama wuri ɗaya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 ya ƙirga yara sama da 263,000 da aka kai sashen gaggawa tsakanin 1990 da 2010 saboda raunin tsinken auduga a kunne, wato kamar yara 34 kowace rana, kuma akasarinsu garin share kunne ne. Can ke nan, inda likitocin kunne suke da yawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 kan ji ya nuna cewa kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da likitan kunne ko ɗaya ga kowane mutum miliyan. Mutumin Dakoro ko Mayahi da yaronsa ya samu irin wannan rauni ya san tafiyar da ke gabansa da kuɗin mota. Yaron da jinsa ya ragu kuwa ba ya cewa ba na ji. A lakwal za a ce ba ya mai da hankali, a makarantar allo a ce taurin kai gare shi.

Wani abin kuma, yaro abin da ya ga manya suna yi shi yake yi. In ya ga uwa da uba kullum da abu a kunne, shi ma zai gwada, da abin da hannunsa ya kai: ƙwayar wake, gyaɗa, masara, dutsen ado, guntun alli, soson katifa. In haka ta faru kada a bi shi da tsinke ko hantsaki a gida. Yunƙurin farko shi ne mafi sauƙi, in aka ɓata shi abin ya shige ciki, ramin ya kumbura, yaro ya tsorata, wanda da minti biyu zai ɗauka sai ya koma sai an sa shi barci. Kada a zuba ruwa a kan wake ko masara, kumbura suke yi. Ɗan batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa da ƙananan fitilu, shi ne mafi haɗari, yana fara cin nama cikin ƴan awoyi, danshi kuma yana ƙara masa ƙarfi. Ko tsakar dare ne a tafi asibiti, kada a ɗiga komai. Kyankyaso ko wani ƙwaro in ya shiga yana fafutuka, shi kaɗai ne za a iya cika kunnen da man zaitun ko man gyaɗa mai tsabta, ba mai zafi ba, don ya mutu ya daina yaƙushi, muddin mutum ba shi da tarihin fashewar dodo ko zubar ruwa, sannan a je a ciro shi.

Abin sauraron waya da ake cusawa a kunne ma yana cikin lissafi, ko da ba ka ambace shi ba, na san teloli da shi. Yana danna dauɗa ciki, yana riƙe gumi, in ana karɓa-karɓa kuma yana ɗaukar ciwo daga wannan zuwa wancan. Ƙarar ita ce ta fi muni. In kana ƙure shi don ya danne ƙarar janareto da injin surfani, kana ƙona jijiyar da ba ta sake tsirowa. Kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma yanzu da kunnen ke ruwa ka ajiye shi gaba ɗaya.

To da me za a share? Da yatsa da tsumma mai tsabta. Bayan wanka ka naɗe tawul a manuniya ka goge lungunan fatar kunne, da bayansa, da bakin rami iyakar inda yatsa ya tsaya da kansa. Abin da ya fito nan shi ne wanda kunne ya gama da shi. Shafar kunne a alwala ma iyakarta ke nan, ba ta cikin abin da nake hanawa, sai dai a kula da dogon farce. In ruwa ya shiga, ka karkata kai ka ja fatar kunnen a hankali, zai fito. Akwai mutanen da Allah ya yi su da yawan dauɗa, ko ƙuncin rami, ko gashi mai yawa, da tsofaffi da tasu take bushewa, da masu sa na'urar ƙara ji. Su ne man zaitun yake yi wa amfani: ɗigo 2 ko 3 na ƴan kwanaki don ta yi laushi, in kunnen lafiyayye ne ba zafi ba ruwa, in ba ta fito ba a je a cire musu. Masu yawo da ƴan ƙarafuna a kasuwa da tasha suna sakace wa mutane kuwa, ba sa ganin abin da suke taɓawa, kuma ƙarfen da ya fito daga kunnen wani shi zai shiga naka.

Barin sabon fa? Makonni biyu zuwa uku na farko za ka sha wuya, gara in gaya maka. Ƙaiƙayin zai ƙaru kafin ya ragu, don fatar tana warkewa kuma maiƙon bai dawo ba tukuna. A nan mafi yawa suke komawa. In ya taso, ka sa yatsa a kan ɗan tudun gaban rami ka danna ka murza daga waje, ko ka kama fatar kunnen ka girgiza, yana kwantawa. Ka kwashe ashana da tsinken auduga daga aljihu da kan keken ɗinki da gefen shimfiɗa, don hannu yakan kai kafin tunani ya iso. Ka lura da lokutan da ka ambata, bayan wanka da zaman fada. A fada ka riƙe carbi, ka kuma gaya wa abokan zama su yi maka magana in sun ga hannu ya nufi kunne, za su yi da murna, har su wuce gona da iri. In ƙaiƙayin ya ƙi tafiya bayan an gama jinya, a duba ko kana da amosanin kai ko wani ciwon fata, don sukan sauko har cikin kunne, kuma suna da nasu maganin.

Game da kunnenka na hagu, cikin makon nan ka je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, a leƙa, in ba su da kayan aikin ka nemi a tura ka wurin masu duba kunne da hanci da maƙogwaro, sashen da ake kira ORL, a babban asibiti. Ka tafi da kwalbar maganin da ka saya, a ga abin da ke ciki. Ka faɗi gaskiyar abin da kake sawa da tsawon shekarun, ba wanda zai yi maka faɗa. Abin da za a fara yi shi ne share ramin, da ƙaramin bututu mai zuƙa ko da ƙarfe na musamman, ana kallo da fitila. Kunne mai ruwa wanda ba a ga dodonsa ba, ba a fara tura masa ruwa da sirinji, in wani ya ɗauko ka tambaye shi ko ya ga dodon. Da yawa da an share ramin nan take jinsu yake buɗewa. Bayan haka za a rubuta maganin da ya dace da abin da aka gani. Na ƙwayoyin cuta yakan ɗauki kwana 7 zuwa 10, na funfuna ya fi haka, mako 2 zuwa 3, kuma sau da yawa sai an koma an sake sharewa, don tana da naci. Wurin ɗigawa ka kwanta kunnen yana sama, a ɗiga, ka danna ɗan tudun sau da yawa don ya gangara, ka zauna a haka minti 5. Lokacin wanka ka shafa wa ƴar auduga basilin ka toshe bakin ramin kawai, in ka gama ka cire, kada ka yini da auduga a kunne. Yaran ma, ka haɗa da su a leƙa nasu, musamman in suna zuwa wanka Gulbi ko kududdufi a daminar nan. In an gama jinya ji bai dawo daidai ba, ka nemi a yi maka gwajin ji. Idan kuwa kafin ranar zuwanka ka ga zazzaɓi, ko kumburi a bayan kunne, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko baki ya fara karkacewa, kada ka jira, ka rufe shago ka tafi a ranar.